Kwalta, Kaki da Siramik: Kimiyyar Kare Jikin Kwale-kwale a Fadamar Haɗejiya

Daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, akwai ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin Guri da Kirikasamma da Auyo da Kafin Hausa waɗanda ba a isa gare su sai ta ruwa. Kogin Haɗejiya, wanda ya samo asali daga haɗuwar kogin Kano da na Calawa, yakan cika ya batse ya malale fadamu, kafin ya rarrabu zuwa rassa irin su Marma da Burum Gana, ya nufi Nguru da Gashuwa. A irin wannan lokaci kwale-kwale ne motar kasuwa. Shi ke kai ɗalibi makaranta, ya kai mai naƙuda asibiti, ya kuma kwaso shinkafa daga gona. A shekarun da ambaliya ta yi tsanani a Jihar Jigawa, kamar 2018 da 2020 da 2022, da shi aka riƙa kwashe mutane da dukiyoyinsu zuwa tudu.

Abin da ke tsakanin fasinja da ruwan kogi kuwa bai wuce katako mai kaurin santimita biyu ko uku ba, da ɗan abin da aka shafa masa. Saboda haka zaɓen abin shafawa da sanin yadda ake shafa shi al'amari ne da ya shafi rai da dukiya. A yau kasuwa ta cika da kayan shafe iri-iri, daga kwalta da fenti zuwa kaki da ruwan siramik na zamani. Ƙa'idar da kimiyya ta shimfiɗa game da su guda ɗaya ce: jikin jirgi ne ke zaɓar abin da za a shafa masa, kuma babu shafen da zai yi amfani a kan jikin da ba a shirya ba.

Darasi daga Dufuna

A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani itace mai tauri a zurfin kimanin mita 5. Wurin yana kusa da kogin Komadugu Gana, wanda shi da kogin Haɗejiya duk ruwansu Tafkin Cadi ya nufa. A 1994 masana tarihin ƙarƙashin ƙasa, ƙarƙashin jagorancin Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt ta Jamus da Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri, suka tono itacen gaba ɗaya. Ashe kwale-kwale ne sassaƙaƙƙe mai tsawon mita 8.4, wanda aka yi da itacen dangin maɗaci. Da aka auna shekarunsa a ɗakin bincike, sai aka tarar ya kai kimanin shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi daɗewa da aka taɓa samu a Afirka.

Tambayar da ya kamata ɗalibi ya yi ita ce: yaya aka yi itace ya shekara 8,000 cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa bai ruɓe ba, alhali kwale-kwalen da aka ƙera jiya-jiya yakan soma ruɓewa cikin 'yan shekaru?

Amsar tana ga abin da ke ruɓar da itace. Ruwa shi kaɗai ba ya ruɓar da itace. Masu wannan aiki wasu ƙananan halittu ne dangin fumfuna da naman kaza, waɗanda ke miƙa siraran zaruruwansu cikin itace suna cin sa. Waɗannan halittu suna buƙatar abubuwa huɗu: abinci, watau itacen kansa, da ɗumi, da danshi, da kuma iskar oksijin. Idan aka rasa ɗaya daga ciki aikinsu ya tsaya. Itacen da danshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba ya fi ƙarfinsu saboda bushewa. Itacen da ya nutse ƙurmus cikin laka shi ma ya tsira, domin babu iska a wurin, kuma abin da ya ceci jirgin Dufuna ke nan. Wanda ke cikin haɗari shi ne itacen da ke tsaka-tsaki, yau a jiƙe gobe a bushe, ga iska ga zafi. Wannan kuwa ita ce rayuwar kwale-kwalen fadama. Shi ya sa ruɓa ta fi farawa daga daidai inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgi, da ƙasan cikinsa inda ruwan sama ke kwanciya, da kuma mahaɗar katakai.

Yadda katako ke motsi

A da, masassaƙa kan fafe gungumen maɗaci ko kawo ko maje da gizago su fitar da jirgi guda ba mahaɗi. Da manyan itatuwa suka yi ƙaranci, sai aka koma ga jiragen katako, waɗanda kafintoci ke haɗawa da ƙusoshi, da katakan da galibi ake kawowa daga dazuzzukan kudancin Nijeriya. Irin wannan jirgi ya fi ɗaukar kaya, amma kowace mahaɗa a jikinsa ƙofa ce ga ruwa.

Dalili shi ne katako ba ya zama wuri ɗaya. Idan aka duba shi da madubin ƙara girma, za a ga tarin siraran bututu ne a jere, waɗanda da can suke kai ruwa daga saiwa zuwa ganye. Bangon bututun an gina shi da wani sinadari mai suna selulos, wanda ke da tsananin son ruwa. Bangon yakan sha ruwa ya kumbura har danshin katako ya kai wajen kashi 30 cikin 100. Daga nan kumburi ya tsaya, sauran ruwan da ya shiga sai dai ya cika ramukan bututun ya ƙara nauyi. Idan katako ya bushe kuma sai ya tsuke. Abin lura shi ne tsukewar ta fi yawa ta faɗi, ta tsawo kuwa kusan babu.

A yankin Haɗejiya wannan motsi yana da girma. Lokacin hunturu iska kan bushe ƙwarai, har danshin katakon da aka bari a fili ya sauka zuwa kimanin kashi 5 cikin 100. Katako irin na maɗaci ko loko mai faɗin santimita 30, idan ya tashi daga jiƙewar damina zuwa bushewar hunturu, yana iya rasa kusan santimita ɗaya na faɗinsa. Mahaɗu su buɗe, ƙusoshi su yi sako-sako, bakin katako ya tsattsage. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga nan ake gane sharaɗi na farko ga duk abin da za a liƙe jirgin katako da shi: dole ya zama mai miƙewa da dawowa, wanda zai bi katako duk inda ya motsa.

Lissafin ƙaramar kafa

Mutane da yawa sukan raina ƙaramar kafa a jikin jirgi, su ce ai ana kwarfewa. Lissafi ya nuna kuskuren wannan. Tun a ƙarni na 17 wani masani ɗan Italiya mai suna Torricelli ya gano cewa gudun ruwan da ke bi ta kafa ya dogara ne ga zurfin da kafar take. A zurfin santimita 20 ƙarƙashin ruwa, gudun ya kai kusan mita 2 a daƙiƙa. Kafa mai girman santimita ɗaya murabba'i, watau kamar kan ƙaramin yatsa, za ta shigo da kimanin lita 7 a minti ɗaya. Cikin awa guda ruwan ya haura lita 400, daidai da duro biyu, kuma kowace lita nauyinta kilo ɗaya ne.

Akwai kuma nauyin da ba a gani. A ɗauka katakan wani jirgi suna da nauyin kilo 200 idan babu ruwa a cikinsu ko kaɗan. Da danshin kashi 15 cikin 100 nauyinsu kilo 230 ne, amma idan suka sha ruwa har kashi 60, sun zama kilo 320. Bambancin kilo 90 ne, kusan buhun shinkafa guda da jirgin ke ɗauke da shi kullum ba tare da an biya kuɗin fito ba. Kowane ƙarin nauyi yana ƙara nutsar da jirgi, bakinsa ya matso kusa da ruwa, kafar da ke ƙasa kuma ta ƙara zurfi ta ƙara gudu. Bugu da ƙari, ruwan da ke kwance a ciki yakan gangara gaba ɗaya zuwa duk gefen da jirgi ya karkata, ya ƙara masa karkata. Jirgin da aka cika wa lodi, ga ruwa a cikinsa, igiyar ruwa kaɗan ta ishe shi kifewa.

Me ya sa ruwa ke gudun wasu abubuwa?

Duk wanda ya lura da ganyen gwaza bayan ruwan sama zai ga ɗigon ruwa ya dunƙule kamar dutsen ado, yana gangarawa ba tare da ya jiƙa ganyen ba. Haka ganyen kainuwa yake, haka gashin agwagwa. Amma ɗigo guda a kan busasshen katako sai ya baje ya shige ciki.

Ƙwayoyin ruwa suna jan junansu da ƙarfi. Idan abin da ɗigo ya sauka a kansa shi ma yana jan su, kamar selulos ko gilashi mai tsabta, ɗigon yakan baje. Idan kuwa ba ya jan su, sai su rungumi juna su dunƙule. Masana suna auna wannan da kusurwar da gefen ɗigo ya yi da abin da yake kai, kuma Thomas Young na Ingila ne ya fara bayanin ta a 1805. Idan kusurwar ta gaza digiri 90, abin mai jiƙuwa ne. Idan ta haura 90, mai korar ruwa ne. A kan kakin kyandir takan kai wajen digiri 105 zuwa 110. A 1997 wasu masana tsirrai biyu na Jami'ar Bonn ta Jamus, Barthlott da Neinhuis, suka nuna cewa ganyen da ya fi kowane korar ruwa yana haɗa kaki ne da wasu ƙananan ƙuraje da ido ba ya gani, har kusurwar ta haura digiri 150.

Mai da kaki da kwalta duk dangin juna ne ta wannan fuska, domin yawancin jikinsu sarƙoƙin kabon da haidirojin ne waɗanda ba su da inda ruwa zai kama. Wannan ne kuma ya sa ƙaro, duk da ɗankonsa da yawansa a arewacin Jigawa, ba ya liƙe jirgi: shi mai son ruwa ne, yana shiga kogi zai narke. Sai dai korar ɗigo daban, toshe tsaga daban. Abin da ke sa ruwa ya dunƙule a sama ba lalle ne ya hana shi kutsawa ta mahaɗa ba, kuma a nan ne masu saye da yawa ke ruɗewa.

Kwalta: tsohon magani

Ɗan Adam ya daɗe da sanin kwalta. A wani wuri mai suna As-Sabiyah a ƙasar Kuwait an tono gutsattsarin kwaltar da aka shafa wa jiragen kara kimanin shekara 7,000 da suka wuce. A 1595 matuƙin nan ɗan Ingila, Walter Raleigh, ya liƙe jiragensa da kwaltar wani tafki a tsibirin Tirinidad. Nijeriya ma tana da ɗimbin kwalta a ƙarƙashin ƙasa, musamman a yankin Agbabu na Jihar Ondo, ko da yake wadda ake samu a kasuwa daga matatun man fetur take fitowa, domin ita ce ragowar da ke saura bayan an tace ɗanyen mai.

Kwalta ta dace da jirgin katako saboda ruwa ba ya ratsa ta, tana kama busasshen itace, tana da kauri mai cike tsaga, kuma tana bin motsin katako. Rauninta shi ne zafi. Kwaltar hanya, irin mai lamba 60/70, takan fara laushi a wajen digiri 50 na ma'aunin Salshiyas. A watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa a Haɗejiya yakan haura digiri 40, baƙin abu a cikin rana kuwa yana iya kaiwa 60 ko fiye. Jirgin da aka shafe da irin wannan kwalta aka bari a rana, sai a ga tana zarya daga mahaɗu. Akwai wata kwalta da aka busa wa iska a masana'anta, wadda ake amfani da ita wajen rufin ɗaki, kamar mai lamba 85/25, wadda ba ta laushi sai zafi ya kai wajen digiri 85. Ita ta fi dacewa da mahaɗu a ƙasa mai zafi. A sashen jirgi da ke sama da ruwa kuwa, fentin mai mai hasken launi ya fi, domin yana mayar da hasken rana ya rage wa katako zafi. A tuna cewa fentin mai ba ya zama lafiya a kan kwalta, baƙinta yakan ɓullo ta cikinsa, don haka kowanne da iyakarsa.

Matakan aiki

Mataki na farko shi ne busarwa. A fitar da jirgi a ɗora shi a kan gungume cikin inuwa, inda iska ke ratsawa, ya sha iska a hankali. Busarwa cikin tsakar rana tana tsattsaga katako. Hanya mai sauƙi ta gwada bushewa ita ce a manna ɗan yankin leda a jikin katakon na 'yan awoyi da rana. Idan raɓa ta taru a ƙarƙashinta, da sauran ruwa. Kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen itace, kuma idan aka rufe danshi a ciki, an gina wa fumfuna ɗaki ke nan.

Na biyu, kankarewa da bincike. A kankare tsohon shafe da ya ɗaɗɗago, da laka da gansakuka. A bi katakai da tsinin wuƙa. Inda wuƙa ta shige da sauƙi ruɓa ta kama, kuma magani shi ne a yanke wurin a sa sabon katako. Shafe ba ya mayar da ruɓaɓɓen itace sabo, ɓoye shi kawai yake yi. A canza ƙusoshin da suka yi tsatsa, domin tsatsa tana cin itacen da ke kewaye da ita. Ƙusa mai rufin zinki ta fi daɗewa.

Na uku, cusa mahaɗu da zaren auduga ko rama ko tsumma mai tsabta. A nan akwai wata dabara. Da yake katako a tsuke yake lokacin aikin, idan aka danna cusa da ƙarfi fiye da kima, ranar da ya sha ruwa ya kumbura ba zai sami wurin motsi ba. Gefensa zai murƙushe ko ƙusa ta ɓalle, kuma rani mai zuwa tsagar za ta fi ta bana faɗi.

Na huɗu, shafawa. A fara da shafe mai ruwa-ruwa wanda zai shiga cikin itace, kamar fentin kwalta da ake sayarwa a gwangwani, a bari ya bushe, sannan a bi mahaɗu da kwalta mai kauri. Shafe siriri sau biyu ko uku ya fi mai kauri sau ɗaya. A ba bakin katako kulawa ta musamman, watau inda zarto ya yanke bututun nan, domin ta nan ruwa ke shiga kimanin sau goma fiye da ta gefe. Cikin jirgi kuwa kada a toshe shi ruf da kwalta mai kauri, a bar wa danshi hanyar fita.

Na biyar, mayarwa ruwa. A bar jirgin a bakin gaɓa kwana biyu ko uku ya sha ruwa mahaɗu su matse, a duba inda ke yoyo, kafin a ɗora masa mutum ko kaya.

Wajibi ne a kiyaye da wuta. Ana narka kwalta ne a zafin da ya haura digiri 150. Ɗigon ruwa idan ya faɗa cikinta yakan zama tururi nan take, girmansa ya ninka kimanin sau 1,700, kwaltar ta yi kumfa ta fantsama. Ba a zuba kananzir cikin kwaltar da ke kan wuta. A yi aikin a fili, nesa da yara, da yashi a kusa don kashe gobara. Wanda kwalta ta zubar wa a jiki, a sanyaya wurin da ruwa mai tsabta na kimanin minti 20, kada a ɓamɓare ta, a kai shi asibiti.

Kaki da siramik: na wane jirgi ne?

Tun farkon shekarun 1940 aka fara ƙera jirage a Amurka da zaren gilashi da aka jiƙa da wani danƙon roba, abin da ake kira faiba. Irin waɗannan jirage sun fara yawaita a kogunan Nijeriya, musamman a hannun hukumomi da masu aikin ceto. Faiba ba ta ruɓa, ba ta kumbura, ba ta da mahaɗu. Abin da ke damunta shi ne rana. Fatarta ta waje, mai suna jelkot, kaurinta kimanin rabin milimita ne, kuma wani ɓoyayyen sashe na hasken rana mai suna ultrabayolet yana kakkarya sarƙoƙinta a hankali. Alamar haka ita ce launi ya dushe, idan an shafa hannu a ga farin gari kamar alli. Domin wannan fata aka yi kaki da man folima da ruwan siramik.

Kaki shi ne mafi araha da sauƙin shafawa. Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 63, saboda haka ba ya jure ranar bazara. Wanda ake sa wa jirage da motoci galibi na wani itacen dangin giginya ne na ƙasar Birazil mai suna karnuba, wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 80. Duk da haka a ƙasa mai rana ba ya wuce 'yan makonni ko watanni biyu zuwa uku. Man folima, wanda ake haɗawa a masana'anta, ya fi kama jiki kuma yakan kai wajen wata shida. Ruwan siramik kuwa yana ƙunshe da sinadaran silikon waɗanda, idan suka haɗu da danshin iska, suke daskarewa su zama wani siririn rufi mai kama da gilashi, dangin silikar da ke cikin yashi. Yakan yi shekara ɗaya zuwa biyu ko fiye, amma yana da tsada kuma ba ya yafe kuskure.

Dukansu tsarin aikinsu ɗaya ne. A wanke jirgi, a gyara duk wata tsaga tukuna, domin danƙon gyara ba ya kama wurin da aka shafa wa kaki. A goge allin nan har sheƙi ya dawo, a share maiƙo, sannan a shafa kaɗan-kaɗan cikin inuwa, ana goge rarar kafin ta daskare. Siramik yana buƙatar aƙalla yini guda ba ruwa ba ƙura, don haka ranar da hazon hunturu ya sauka ba ranar aikinsa ba ce. Ba a shafa ko ɗaya daga cikinsu a inda ake taka ƙafa, saboda santsi.

Ya kamata a fahimci iyakar siramik. Kaurinsa bai wuce maikiron ɗaya ko biyu ba, alhali silin gashin kai ya kai wajen maikiron 70. Ba zai toshe tsagar milimita ɗaya ba, balle ya bi katakon da ke motsin santimita guda. Lambar 9H da ake rubutawa a kwalbarsa ma'aunin taurin fensir ce, kuma yashin kogi ya fi kowane fensir tauri, don haka jan jirgi a kan gaɓa zai karce shi. Wanda ya zuba kuɗinsa ya shafa wa kwale-kwalen katako siramik ya yi asara, kamar yadda wanda ya shafe jirgin faiba da kwalta ya ɓata shi.

Abin da ke shiga kogi

Duk abin da aka shafa wa jirgi, wani sashensa zai ƙare a cikin ruwa. Fadamar Haɗejiya da Nguru wuri ne da duniya ta san da shi: an sa Tafkin Nguru da reshen Marma cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, aka ƙara da dausayin Baturiya a 2008. Daga wannan ruwa ake kama tarwaɗa da karfasa da bargi, a nan dabbobi ke sha, a nan tsuntsayen Turai ke yin hunturu.

Saboda haka baƙin man inji, wanda wasu ke shafa wa katako don arha, bai dace ba. Yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa da sinadarai masu guba, ba ya bushewa, yana wankewa cikin ruwa, kuma yana hana fenti da kwalta kama katakon daga baya. Kwaltar da ake samu daga gawayin kwal ita ma daban take da ta man fetur, kuma an tabbatar tana jawo ciwon daji. Haka nan fentin guba da ake shafa wa jiragen teku don korar ƙwari da katantanwa ba shi da gurbi a nan. Tsutsar da ke huda jiragen katako a teku ba ta rayuwa a ruwan daɗi, kuma ɗaya daga cikin irin wannan fenti, mai sinadarin TBT, an haramta shi a duniya tun 2008 saboda ɓarnar da ya yi wa halittun ruwa.

Lokacin gyara da wurin ajiya

Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, da ta Calawa a 1992, sun sauya tafiyar kogin Haɗejiya. Ruwan da ake saki da rani ya sa wasu rassa ba sa ƙafewa, ciyawar kacala ta mamaye su, wasu wuraren kuma ruwa ya daina isa gare su kamar da. Sakamakon haka wani jirgin yakan shekara cikin ruwa ba a ga ƙasansa ba, wani kuma ya yi wata shida a yashe kan tudu. Na farko yana buƙatar a ware masa lokaci, ko da sau ɗaya a shekara, a fitar da shi a duba. Na biyu yana buƙatar inuwa: a kife shi a kan gungume, nesa da ƙasa saboda gara, a rufa masa zana. Mafi munin ajiya ita ce a bar jirgi a bakin gaɓa rabi a ruwa rabi a tudu, ruwan sama na kwance a cikinsa. Lokacin da ya fi dacewa da babban gyara shi ne ƙarshen rani, yadda jirgi zai koma ruwa ba da daɗewa ba bayan an gama.

Gwaji a makaranta

Malamin kimiyya zai iya nuna duk wannan da kayan da ba su da tsada. A yanko gutsattsarin katako biyar masu girma ɗaya daga katako guda, a busar, a auna nauyi da faɗin kowanne. A bar na farko haka nan. A shafe na biyu da kakin kyandir, na uku da fentin mai, na huɗu da ruwan ƙaro. Na biyar a yi masa fenti a gefuna kawai, a bar bakinsa biyu a buɗe. A nutsar da su cikin bokiti, a riƙa aunawa kullum har mako guda, ɗalibai suna zana jadawalin nauyi da kwanaki. Bayan haka a shanya su a rana mako guda a duba wanda shafensa ya tsage. Kwatanta na uku da na biyar zai nuna muhimmancin bakin katako, na huɗu kuma zai nuna bambancin abu mai danƙo da abu mai korar ruwa.

Ɗalibin da ya yi wannan gwaji yana da abin da zai tattauna da kafintan jirgi ko Sarkin Ruwan garinsu, waɗanda suka san halin katako da hannu tun kafin a rubuta shi a littafi. Shafe mai kyau yana ƙara wa jirgi shekaru, yana rage sare itatuwa, yana kuma sauƙaƙa wa mai fito kashe kuɗi. Amma ba ya ƙara wa jirgi ko kilo ɗaya a kan lodin da aka ƙera shi ya ɗauka, kuma ba ya maye gurbin rigar kariya da Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1997, ta wajabta wa kowane fasinja. Kafin ruwan bana ya sauko, aikin da ke gaban kowane mai jirgi shi ne ya kife shi, ya bi mahaɗunsa ɗaya bayan ɗaya da tsinin wuƙa.